Bututun Gidan Haggai

Litinin, 15 ga Agusta 1955, bayan sallar asuba

Yau ma ya fara tun ladan bai buɗe baki ba. Ƙwan, ƙwan, ƙwan, sau uku, kamar mai sallama da guduma. Sai gurnani ya biyo baya, sai bangon ɗakin Saudatu ya kama rawa. Daga ɗakina nake jin tasoshinta na jere suna karo da juna.

Malamin da ya koya mana boko a ajin Yaƙi da Jahilci ya ce wanda ba ya so hannunsa ya mance, ya riƙa rubuta abin da ya faru kullum. Littafin nan ya shekara biyu cikin akwatin keken ɗinkina, ban sa masa komai ba sai awon wuyan riga. To, yau zan rubuta. Zancen bututu zan rubuta.

Maƙwabcina Haggai mutumin wajen Rijau ne, shi ke gyaran famfo a gidajen Turawa can bariki. Bara ya ga abin da suke dafa ruwan wanka da shi, ya ce shi ma sai ya yi. Ya samo duro na ƙarfe ya gina masa murhu, ya ɗora tanki bisa dirkoki, ya ja bututu daga wannan zuwa wancan. Duk faɗin gidansa bai ga inda zai jingina wannan tsiya ba sai bayan ɗakin matata, don bangonmu ɗaya ne. Da ruwa ya ɗau zafi sai bututun ya hau dukan bango.

Da can ran Asabar kaɗai yake hura wuta, su yi wankan zuwa coci. Na yi masa magana tun bara, muka yi cacar baki, ya ce ai kekena ma ba ya barin kowa ya runtsa da rana. Tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a tsaye. Amma na haƙura, na ce rana ɗaya ce a mako. Yanzu fa kullum ne, asuba da la'asar. Tun ranar da Saudatu ta sauka abin ya koma haka, yau kwana goma sha biyu. Wace irin mugunta ce wannan, mai jego na kwance a bayan bango?

Litinin, la'asar

Ga shi nan kuma. Na karya allura.

Talata, 16 ga Agusta, hantsi

Masu gaisuwa sun ragu, na buɗe zaure na zauna kan keke don kada a ce na kasa.

Baƙon da aka yi mana kwana tara ya yi a duniya, ran Asabar ya koma. Ɗan fari ne, don haka ba wanda ya ga hawayena, ba kuma wanda ya ji sunansa a bakina. Ko ran suna da liman ya faɗa, sai na yi kamar ina gyara tabarma. Haka muka taras ana yi. Ba zan ƙara rubuta wannan ba.

Gwaggo, ƙanwar mahaifin Saudatu, ita ta zo daga Sahon Rami don wankan jego, tun da mahaifiyar ba ta da rai. Na yi tsammanin yanzu za a daina. Ta ce, "A daina me? Jiki ya san an rasa ne? Arba'in cif za ta yi, safe da yamma. In aka karya wanka sanyi ya shige ta, sai kumburi, kuma ka san ƙarshen kumburi." An kafa musu zana a bayan ɗaki, jikin katanga, can suke sha'aninsu da ganyen runhu da kunun kanwa. Namiji ba shi da aiki a wurin. Nawa itace ne, na kuwa sauke kaya takwas daga hannun mutanen hanyar Ibeto tun cikin na wata takwas, har maƙwabta suna leƙe. A wannan dai ba wanda zai ce Mika'ilu tela ya gaza.

Alhamis, 18 ga Agusta, la'asar

Na shiga cikin gida ɗauko zare daidai lokacin da abin ke gurnani. Labulen ɗakinta a ɗage. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, ta manna cikinta da bangon, tafin hannunta a shimfiɗe a kai. Ƙasa na zubo mata a ɗankwali, ko kaɗewa ba ta yi ba.

Na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Yana damunki ko?"

Ba ta juyo ba, ta ce, "Malam, bar shi."

Haƙurin Saudatu wata rana shi zai kashe ta. Ko kaza ta shiga garinta ba ta iya korarta da ƙarfi. Tun ran Asabar ba ta yi kuka ba, ba ta yi magana mai tsawo ba, abinci sai Gwaggo ta tsaya a kanta. Ga wannan masifa kuma tana girgiza mata ƙashi. Ni dai ba zan bar shi ba.

Bangon ya tsage daga sama. Na auna da tef bayan ta fita wanka, inci huɗu.

Juma'a, 19 ga Agusta, asuba

Ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Asabar, 20 ga Agusta, bayan azahar

Na tare shi a ƙofar gidansa yana jingine kekensa, hannu duk baƙin mai.

Na ce, "Haggai, kifi kuka koma a gidan nan? Wanka safe, wanka yamma?"

Ya ce, "Sannu, Malam Mika'ilu. Ya ƙarin haƙuri?"

Na ce masa ba gaisuwa ta kawo ni ba. Na ce bangona ya tsage, matata ba ta da lafiya, kuma ya san abin da ya same mu, in da kara ai ya ɗaga mana ƙafa. Ya dube ni ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, sai matarsa Rebeka ta yi tari daga cikin gida, irin tarin da ba na mura ba. Ya rufe bakin. Can ya ce da Hausarsa mai karkata, "Ka yi haƙuri, maƙwabci. Sati uku da 'yan kwanaki, zan daina. Bangon kuma ni zan yaɓe maka da hannuna."

Ji fa! Har wa'adi yake yanka mini. Gwamna zai sauka gidansa nan da sati uku, da ake ta wanke-wanken jiki? Na ce masa Allah ya isa, na juyo. Da na dawo zaure sai na ɗinke aljihun wandon wani yaron Nufawa ta ciki, sai da na farke.

Lahadi, 21 ga Agusta, hantsi

Ko Lahadin da suke cewa ba a aiki, sai da ya hura.

Ruwa aka kwana ana yi. Na duba tarin itacen nan, kamar ba a taɓa shi ba, ga kwana goma sha takwas ana wanka. Na ce, "Gwaggo, ke kam kin iya tattali." Ta ce, "Uhm. Albarka ce." Ba ta ɗago kai daga tsintar ganye ba.

Inci shida.

Talata, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Na kai ƙara wurin mai unguwa Dogo. Ya saurare ni har na gama, yana ɓare goro. Ya miƙo mini ɓari ɗaya ya ce, "Tela, an bar jaki ana dukan taiki. Ka koma gida ka zauna kusa da matarka."

Na ce wane jaki? Ni zancen bango na kawo.

Ya ce, "Na ji. Bangon ƙasa ne, ana yaɓewa. Ka je ka zauna da ita, ko ba za ku ce komai ba."

In zauna in ce mata me? Ni da ita ba mu da bakin ambaton abin. In na shiga ɗakin idona kan gefen gado yake zuwa, inda aka naɗe ɗan zanen nan aka ajiye. Gara zaure.

Laraba, 24 ga Agusta, asuba

Lokacin da yaron ke da rai, duk sanda bututun ya buga sai ya zabura, ya ware 'yan hannuwansa. Sau biyu na gani da idona. Jariri ɗan kwana nawa, ana firgita shi safe da yamma.

Na ce ba zan ƙara rubuta wannan ba.

Alhamis, 25 ga Agusta, magariba

Duba-gari ya zo karɓar kakinsa da na rage wa ƙafa. Muna cikin hira na ce masa akwai tanki a buɗe bayan gidana, sauro ya hana mu sakat. Ya fito da ɗan littafinsa ya rubuta.

Ban yi ƙarya ba. Tankin a buɗe yake.

Asabar, 27 ga Agusta, azahar

Sun zo da hantsi, duba-gari da leburori biyu. Daga zaure nake jin komai. An hau an leƙa tanki, an sami tsutsar sauro, da ma damina ce, ina ne babu? Suka tuntsurar da tankin, ruwa ya malalo har lungu. Suka ɓalle bututun daga bango, ɗaya ya ɗaga diga ya huda duron wuri uku don kada a sake tara ruwa a ciki. Ban ji muryar Haggai ba ko sau ɗaya. Ta Rebeka na ji, ta taho jikin katanga tana kira, "Gwaggo! Gwaggo, kin gani?" Ina ruwan Gwaggo da duronsu?

Da na shiga cikin gida Gwaggo na tsaye tsakar gida da ludayi a hannu. Ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Kai ne?" Na ce hukuma ce. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta shige bayan zana.

Asabar, la'asar

Shiru. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 28 ga Agusta, hantsi

Na yi sallar asuba ba ƙwan ba gurnani. Na yi zaton zan ji daɗi fiye da haka.

Hayaƙi ya cika gidan tun da duku-duku, har zaure. Gwaggo na ta fifita wuta tana tari, idonta ja wur. Rana ta ɗaga sosai kafin in ji ƙarar ruwa a bayan zana, da can kuwa kafin in dawo masallaci an gama.

Litinin, 29 ga Agusta, magariba

Yau cika-ciki, ko'ina ƙamshin miya. An kawo mana kwano uku daga maƙwabta, suna nan a rufe.

Saudatu ta kira ni da kanta, abin da ba ta yi ba tun ran nan. Ta ce, "Malam, me ya sami bututun?"

Na ce, "Na raba ki da shi. Yanzu sai ki yi barcinki."

Ta dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallo a idonta ba, ba fushi ba ne, da fushi ne da na fi so. Ta juya ta fuskanci bango, ta ɗora hannu, ta sauke.

Laraba, 31 ga Agusta, la'asar

Ƙafafunta sun kumbura. Gwaggo ta danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Tana tari in ta kwanta.

Wanka ya koma sau ɗaya a yini, shi ma ruwan ɗumi-ɗumi. Na tsaya na ga itacen nan a murhu, kumfa yake fitarwa ta gindi yana tsuwa, wuta ta ƙi ci. Na ce, "Gwaggo, da can yaya kike yi?" Ta ce in matsa mata daga iska.

Alhamis, 1 ga Satumba, asuba

Shiru. Tarinta kawai.

Juma'a, 2 ga Satumba, bayan masallaci

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Bari in rubuta yadda aka faɗa mini.

Na dawo na taras ba a yi wanka ba har azahar. Na ɗaga murya. Na ce kaya takwas na sauke, me ake yi da su? Gwaggo ta ajiye mafici, ta ce in zauna. Tsohuwar da ba ta taɓa haɗa ido da ni ba saboda surukuta, yau ta haɗa.

Ta ce, "Mika'ilu, itacenka ɗanye ne. An cuce ka, busasshe a sama, ɗanye a ciki, damina kuma ta ƙarasa shi. Ran da yarinyar nan ta sauka na yi ta hura wuta har na ga taurari. Rebeka ta jiyo ni ta katanga, ta ce, Gwaggo bari, muna da duro. Tun daga ranar, bokiti takwas da asuba, takwas da la'asar, ta kan katanga take miƙo mini a bayan zana, ruwa na tafasa. Mijinta ke tashi tun kafin assalatu ya buga famfo ya cika tanki, ya hura wuta da itacen rumfarsa, sannan ya tafi aikin bariki. Kwana ashirin da huɗu ko fashin rana ɗaya ba su yi ba. Wannan ƙarar da ta hana ka zama, ruwan wankan matarka ne ke tafasa."

Na ce don me ba a gaya mini ba?

Ta ce, "Ni na hana. Ka tara itace gari ya gani, in fito in ce ba ya ci? Kuma na san zuciyarka. Cewa za ka yi ba a wanke matarka da ruwan wanda kuka yi faɗa da shi. Na ce a rufa maka asiri zuwa arba'in. Ashe rufin da na yi shi zai kai mu nan. Laifin rabi nawa ne, Allah ya yafe mini." Sai ta sa gefen zane ta rufe fuska.

Sati uku da 'yan kwanaki. Ya faɗa mini da bakinsa. Ni da nake auna mutum da ido in yanka masa riga, na kasa ƙirga kwanakin jegon matata.

Juma'a, magariba

Wayyo ni, Mika'ilu.

Asabar, 3 ga Satumba, hantsi

Na tsaya ƙofar gidansa na yi sallama sau uku kafin ya fito. Na cire hula, abin da ban taɓa yi wa tsarana ba. Na ce, "Haggai, na ji komai. Ni na turo duba-gari."

Ya ce, "Na sani."

Na ce ya yafe mini.

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "A gaban iyalina aka huda duron nan, kamar na yi sata. Shekara guda ina haɗa shi. Na hana Rebeka taka gidanka, amma na san tana jefa wa Gwaggo itace ta katanga, na yi kamar ban gani ba. Ƙaramar tukunya ba ta yin wankan jego, kafin ta biyu ta tafasa ta fari ta huce." Ya ɗago kai ya ce, "Yaya jikin nata?"

Na ce kumburin ya kai gwiwa.

Ya ce, "To tsayuwar me muke yi? Samo duro. Bututun na nan, na ɓoye. Kuma ka kira malamin asibiti ya duba ta, kada ka tsaya jiran ruwan zafi kaɗai."

Lahadi, 4 ga Satumba, la'asar

Malamin asibiti ya zo, ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya ba da ƙwayoyi. Ya ce a daina ba ta kunun kanwa da gishiri. Da ya fita Gwaggo ta ce yaron nan me ya sani, da kanwa aka yi jegon uwarsa. Ya ce kanwa ce, ta ce sanyi ne. Ni ban san na wa zan kama ba. Na ce a ba ta ƙwayar, a rage kanwar.

Yau na yi abin da mai unguwa ya ce tun kwana goma sha biyu. Na shiga na zauna a bakin gadonta. A zaune take barci yanzu, an tara mata matasai, in ta kwanta numfashi ya ƙi. Na ce mata za a mai da bututun. Na ce na yi zaton yana cutar da ita ne.

Ta yi magana a hankali, tana hutawa tsakani. Ta ce, "Malam, in wutar ta kama, bangon yakan yi ɗumi. In na manna cikina, sai in ji yana motsi, kamar lokacin da yake ciki. Sau biyu a rana nake samunsa. Shi ke nan abin da ya rage mini."

Na ce amma ai yana firgita shi, na gani.

Ta ce, "Bugun farko ne kawai. Da gurnanin ya fara sai ya yi barci. Ba abin da ke sa shi barci kamarsa."

Na matsa kusa da ita. Na riƙe ƙafarta, sanyi ƙalau, yatsuna suka bar shaida a kai.

Litinin, 5 ga Satumba, magariba

Na sami duro a tasha wurin wani direba. Ya ce ba na sayarwa ba ne, sai na kwaso babbar rigar da na ɗinka wa kaina ta ran suna na ba shi, ya sa hannu ya karɓa. Da ma ba zan ƙara sa ta ba. Na mirgino shi tun daga tasha har gida, mutane na kallo, tela da duro. Warin kananzir yake. Haggai ya ce sai an ƙone cikinsa an wanke da toka da yashi sau uku, in ba haka ba fatarta za ta saɓule.

Talata, 6 ga Satumba, azahar

Na je gaban mai unguwa da duba-gari na janye ƙarata da bakina. Duba-gari ya ce shi ba ruwansa da ƙara, tanki dai a rufe shi. Na ɗinka masa murfi da tamfol, da igiyar zuge baki kamar ta wando. Ya juya shi ya duba ya ce ya yi. Dogo kuwa goro kawai ya miƙo mini.

Ta sha kunu cokali huɗu.

Laraba, 7 ga Satumba, magariba

Mun gama. Ni ke kwaɓa ƙasa, shi ke gini, Rebeka na miƙo ruwa. Da ya zo kafa bututun ya ce bari ya ja shi nesa da bangon ya sa tsumma a tsakani, ƙarar za ta ragu. Na ce a'a, ya mai da shi inda yake, ya manna shi sosai. Ya dube ni, bai tambaya ba, ya buga ƙusa.

Ya ce murhun ya sha iska zuwa asuba. Saura kwana biyar arba'in. Allah ka ba mu ko biyar ɗin nan.

Alhamis, 8 ga Satumba, kafin assalatu

Ina jin Haggai yana buga famfo. Zan je ɗakinta in jira tare da ita.

Alhamis, bayan la'asar

Bututun ya buga. Ƙwan, ƙwan, ƙwan, sai gurnani, sai tasoshi suka amsa. Na taimaka mata ta juya ta jingina da bangon. Muka jira har ɗumin ya ratso. Ta shimfiɗa tafin hannunta, ta rufe ido, ta ce, "Ya motsa."

Can ta ce, "Malam, ba kowa a nan. Kira sunansa mana, in ji a bakinka sau ɗaya."

Na buɗe baki, kunya ta riƙe mini harshe. Kunyar wa? Gwaggo na waje, daga ni sai ita sai Allah. Na ce, "Bari a yi wanka tukuna." Na fita na shiga bayan zana, inda ban taɓa shiga ba, na tsaya jikin katanga Rebeka na miƙo bokiti ina karɓa. Na karɓi shida. Ina miƙa hannu ga na bakwai na ji salatin Gwaggo daga ɗaki.

Saudatu ta rasu kafin rana ta fito, hannunta na kan bango.

Ruwan bai yi asara ba. Mata suka sirka shi da na sanyi, da shi aka yi mata wanka. An kai ta da hantsi, kusa da inda aka sa shi. Haggai ya biyo mu har maƙabarta, ya tsaya daga bakin hanya da hularsa a hannu.

Juma'a, 9 ga Satumba, azahar

Mutane. Tabarmi. Allah ya ba da haƙuri, Allah ya ba da haƙuri.

Asabar, 10 ga Satumba, la'asar

Na tambayi Gwaggo ko kwana goma sha ɗayan nan da aka yi ba ruwan kirki su ne. Ta ce kwana ne ya ƙare. Na tambayi Haggai, ya ce malamin asibiti ya gaya masa zuciyarta ce ta gaji, ko da ruwa ko babu. Kowa na ba ni abin da zan iya haɗiya. Abin da na sani shi ne sau biyu a rana take samun ɗanta, ni na hana ta kwana goma sha ɗaya.

Yau Asabar, ranar wankansu, amma bai hura ba. Kara yake yi mini.

Litinin, 12 ga Satumba, bayan sallar asuba

Yau arba'in. Yau da an yi mata kitso da lalle, ta ci ado ta zaga dangi. Gwaggo ta ɗaure kayanta, motar Sahon Rami za ta bi in rana ta yi. Ta ce in raba itacen nan sadaka, ya fara bushewa.

Jiya da yamma na leƙa ta katanga na ce wa Haggai ya hura mini wuta da asuba. Ya ce wa zai yi wanka? Na ce ba kowa. Sai ya ce to. Ya ce ran Asabar zai shigo ya yaɓe tsagar kamar yadda ya yi alkawari. Na ce ya bar ta. Inci goma sha ɗaya ce, na auna.

Na shiga ɗakin tun da duhu na kwanta inda take kwanciya. Ya buga sau uku, tasoshinta suka amsa. Na jira. Ɗumin ya daɗe kafin ya zo, ta wajen ƙasa yake farawa. Na manna cikina, na shimfiɗa hannu a wurin da nata ya yi duhu a jikin farar ƙasa. Gaskiyarta, motsi yake.

Na kira shi. Muryata ta fito kamar ta wani. Na sake kira da ƙarfi, ban damu ko Gwaggo ta ji ba, ko an ji a gidan Haggai. Na yi kukan da ban yi ba wata guda.

Saudatu, ga shi, ko da ya zo a makare. Sunansa Zakariya'u.